An karɓi kuɗi, kaya sun ƙare a sito: yaya kuka yi?

Mai sayar da atamfa, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in ji yadda kuke haɗa kan mai amsa kwastomomi a waya da masu kula da sito, lissafi da aika kaya. Ana saura kwana 10 ƙaramar Sallah, ƙanwata da ke riƙe da shafinmu na Instagram ta karɓi kuɗin turmi 6 na wata atamfa, alhali yaron shagonmu da ke Kantin Kwari ya sayar wa wata 'yar sari turmi 4 tun da hantsi, bai sanar da kowa ba. Na mayar wa mata biyu kuɗinsu, ɗayarsu kuwa, wadda ta riga ta kama layi wurin tela, har yau ba ta sake yi mini sallama ba.

Mai humra da turaren wuta, Maiduguri:
Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Ni tawa ta faru a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da kowa ya koma tiransifa. Yarinyar da ke amsa saƙo ta ga hoton rasit a WhatsApp, sai ta ce a ɗaure kaya a kai tasha, ashe rasit ɗin na bogi ne. Yanzu ba a ɗaure ko kwalba ɗaya sai na ga kuɗin a asusu da idona.

Tsohon ma'aikacin sito, Abuja:
Inda na yi aiki akwai manhajar da ke rage adadin kaya da zarar an yi oda, amma duk da haka ba mu tsira ba. Matsalarmu ita ce tsarin biya bayan kaya sun iso: wanda kwastoma ya ƙi karɓa yakan dawo a jibge shi a lungu, kwali a yage, ba a mayar da shi cikin lissafi ba, masu amsa waya kuma suna ta ba mutane haƙuri cewa ya ƙare. A ganina, Hajiya, laifin yaronki kaɗan ne, domin ba a ba shi wurin da zai rubuta cinikin ba.

Mai sayar da atamfa, Kano:
Gaskiyarka, Malam. Tun ranar na ware wa kayan intanet kanta guda, ba a taɓa ta sai an kira ƙanwata ta sauke hoton.