Buɗa baki na mutum 70 a ƙofar gida, ta ina ake farawa?

Abban_Khairat:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da shan ruwa, ya ibada. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka saba da irin wannan hidimar.

Mu samarin layinmu ne a nan Gwammaja cikin Kano, to samari dai a baki don yawancinmu mun aje iyali, muna da 'yar ƙungiya da muke karo-karo duk wata saboda yashe kwata da biyan mai gadi. Bana sai aka ga akwai ɗan ragowa a asusu, aka ce me zai hana a yi buɗa baki na layi gaba ɗaya rana guda, dattawa da matasa da yara kowa ya fito a sha ruwa tare. Kafin in ce uffan an ɗora min shugabancin kwamiti wai don ni ne mai mota. Mota fa jama'a, ni ko shayi in na dafa sai an gyara.

Mun ƙirga kamar mutum 70, muna so ya zama ranar Asabar bayan azumi ya kai 12. Abin da ya ɗaure min kai shi ne me za a dafa, don a mitin ɗin jiya kowa da nasa, wani ya ce lallai farfesun kaza, wani dankali da ƙwai, wani ya ce in ba ƙosai shi ba zai fito ba. Sannan a ba mai girki kwangila ne ko a raba wa matanmu a gida, da yawa sun fi son na biyun don kuɗin ba wani mai yawa ba ne. Sai maganar ruwan sanyi, kun dai san yadda wuta take. Wanda ya taɓa yi ya taimaka min kar in kunyata a gaban dattawan layi.

Maman_Ilham:

Wa alaikumus salam, Allah ya karɓi ibada ya ba da lada. Ni girkin taro ne sana'ata don haka bari in faɗa maka abin da maza ba sa lura da shi.

Da farko ka cire a ranka cewa za a jere komai a tabarma kafin a kira salla. Magariba ba ta jira, daga ladan ya ce Allahu akbar zuwa a ta da iƙama 'yan mintuna ne, in ka aje wa mutum shinkafa da kaza a wannan lokacin ko dai ya rasa jam'i ko ya tashi ya bar abincin ƙuda da yara su gama da shi. Ka raba shi biyu. Kafin salla dabino, ruwa, kunu da ƙosai, sai ɗan yankan kankana, shi ke nan. A je a yi salla a dawo a nitse sannan a fito da mai nauyin, kuma shi ma kala ɗaya ya isa, dafa-duka da yanka ɗaya na nama da ɗan kabeji a gefe. Masu cewa farfesu da dankali da ƙwai ka ce musu a gidajensu za su tarar. Mai azumi da rana ji yake zai cinye sa guda, yana shan kunu kofi biyu ya gama.

Kunun kuwa na tsamiya za ku yi, ya fi kunun gyaɗa sauƙin kuɗi kuma ba ya saurin lalacewa in ya jima a kula. A jiƙa gero tun ana gobe, a markaɗa da citta da kanumfari da ɗan masoro, a tace a bar gasarar ta kwanta, ranar sai damu kawai bayan la'asar. Ƙosai ne mai wahalar, don shi ba a yi masa tuyar safe, in ya huce ya zama roba. A surfa waken da wuri a shanya, amma markaɗe sai bayan azahar, kuma ku tura yaro wajen mai inji da wuri don a azumi layin markaɗe sai wanda ya gani. Mutum 70 kasko ɗaya ba zai fitar da ku ba, a sa biyu.

Sai maganar a raba wa matanku. Abban Khairat kar ka ji haushina, matan nan su ma fa azumin suke, kuma ranar ba za a fasa girkin gida ba don ku kun fita waje, ga yara ga abincin sahur yana jira. Ku kuna inuwa kuna sauraron tafsiri a rediyo, ita tana gaban murhu tun azahar a wannan zafin, ta sha ruwa a tsaye, wani lokacin har asham ta wuce ta. In za a ba su a tambaye su tukun, wadda ta ce za ta iya a kai mata kaya da gawayi ko kuɗin gas har gida, kuma a fitar da na matan layi a kai musu ciki, ba wai su dafa su ga an fice da tukunya ba. Mafi sauƙi ma ku samu mai tuyar ƙosai ta unguwarku ku biya ta, aikinta ne, hannunta ya saba, ita ma ta samu na cefane.

DanFagge_01:

Hhhh Allah sarki shugaban kwamiti, sannu da shiga. Hajiya ta gama magana a kan girki, ni lissafinka zan taɓa. Ka ce 70 ko? Rubuta 140.

Bara mu muka yi a layinmu, mun ƙirga mutum 50 har da rubuta suna a takarda kamar masu rabon gado, wallahi ana shimfiɗa tabarma sai ga almajirai, sai 'yan adaidaita da magariba ta riske su a hanya suka faka, sai masu gadi, sai wani bawan Allah da ya zo wucewa da keke, kuma wa za ka kalla ka ce masa tashi ba da kai aka yi ba a watan azumi? Ƙosai ya ƙare kafin ya kai kan dattawan da aka yi abin dominsu, ni da na yi ta zirga-zirga tun safe da ruwa zalla na buɗe baki. Ga shi ku kun sa bayan goma ga wata, lokacin an fara tashe, yara a waje suke da gwangwanayensu, suna jin ƙamshi za su sauka a kanku.

Abin da muka koya, yara a yi musu tabarmarsu daban a sa babba ɗaya mai haƙuri a kansu, kuma nasu a ƙulla a leda kowa a miƙa masa a hannu, in ka aje faranti a tsakiyarsu kokawa za a yi. Na dattawa a zuba a rufe a aje a cikin soro, kar a fito da shi sai sun zauna. Shinkafar a sa a robar tekawe, wanda yake sauri ya ɗauki tasa ya tafi, kuma kun huta da wanke-wanke.

Ƙanƙara kuma kar ka ce sai yamma za ka nema, bayan la'asar masu ita sarauta suke ji, kuɗinta ya hau kuma sai ka yi layi. Ka je tun ana gobe ka biya mai firiza ya daskarar muku da fiyawata jaka-jaka, ka ɗauko da azahar a zuba a manyan kula a lulluɓe da buhu, kafin magariba ta saki daidai sha. Mu garin wayo muka sayo ƙanƙarar bulo da hantsi muka aje a baho, kafin lokaci ta zama ruwan alwala.

Abu_Sumayya:

Assalamu alaikum. Allah ya saka muku da alheri, niyya ce mai kyau. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya ciyar da mai azumi abin buɗa baki yana da lada irin nasa ba tare da an rage wa mai azumin komai ba, kuma ba a ce sai da kaza ba. Annabi SAW da ɗanyen dabino yake buɗa baki kafin ya yi salla, in babu sai busasshe, in babu sai ya kurɓi ruwa. Don haka tsarin da Hajiya ta kawo shi ne ma ya fi kusa da sunna, a gaggauta buɗa baki da abu kaɗan a tashi a yi salla.

Abu biyu zan ƙara. Waɗanda ɗan uwa na Fagge ya ce sun cika musu wuri, a ganina su ne ma asalin baƙin, ku 'yan ƙungiya kowa in ya shiga gida akwai kwanonsa a rufe. Akwai gargaɗi a hadisi a kan walimar da ake kiran masu hali a bar talakawa. Na biyu don Allah a rage ɗaukar hoto, musamman a sa waya a fuskar mutum yana karɓar abinci a ɗora a Facebook, wani da mutuncinsa lalura ce ta zaunar da shi a tabarmar. Kuma kar a manta da ladan, shi yana kan lasifika lokacin da kowa yake kai loma, a aje masa nasa a gefe. A sanar da liman da mai unguwa tun da wuri, in za a tare layi a bar hanyar wucewa.

Ummu_Haidar:

Ni kam ku yi haƙuri zan fito daban. Kuɗin da za ku kashe a yini ɗaya a ci a watse, da gero da sukari da wake kuka saya kuka bi gidajen marayu da zawarawan layin cikin dare kuka aje musu, wallahi sai ya kai wata gidan sati tana dama kunu. Akwai matan da ko me za a raba a ƙofar gida ba za su fito ba, kunya ba za ta bar su ba, kuma su ne suka fi buƙata. Ra'ayina ne dai.

Abban_Khairat:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Maman Ilham ban ji haushi ba ko kaɗan, na karanta wa uwargida abin da kika rubuta ta ce a gaishe ki da kyau, har yanzu dariya take min.

Ummu Haidar maganarki ta tsaya min a rai gaskiya. Sai dai abin da ya sa muka nace a zauna tare, akwai dattawa biyu a layin da suka fi shekara ba sa ga maciji saboda rigimar kwata, muna so liman ya zaunar da su tabarma ɗaya ko Allah zai sa a dace. Amma zan kai shawara a soke kazar gaba ɗaya, kuɗinta a yi abin da kika ce, na san mai farfesu zai yi ta ƙorafi amma ya yi ta yi.

Tambaya ta ƙarshe, sayayyar fa? Wani ya ce in tafi Dawanau tunda ba nisa daga nan.

Maman_Ilham:

Ina amsawa, ka ce mata ta riƙe wuta. Dawanau ta mai sayen buhu ce, in za ku haɗa da rabon da Ummu Haidar ta faɗa to ka je, gero da wake a can za ka samu sauƙi. In 'yan kwanuka ne kawai na kunu da ƙosai kar ka ƙona manka, ka shiga Rimi ka auna, a nan za ka samu tsamiya da kayan ƙamshi ma. Sukari da mai da shinkafa Singa. Attaruhu da albasa da tumatur in da yawa ne Yankaba da sassafe, kankana kuma 'Yan Lemo a Na'ibawa, amma ita ranar za a sayo kuma kar a yanka sai bayan la'asar, yankakkiyar kankana ba ta son zafi. Dabino ka haɗa kala biyu, busasshen na matasa, mai laushin na tsofaffi saboda haƙori.

Kuma don Allah ka tafi da mace kasuwar nan ko wanda ya san wake, kar a haɗa ka da mai ƙwari a ƙasan buhu.

DanFagge_01:

Shugaba ka manta butoci da ruwan alwala, mutum ɗari ba buta uku ba ce. A cika durom tun da rana. Sannan wane layi ne a Gwammajar, ta wajen asibitin ƙashi ko ta ciki? Tambaya kawai nake, ba wai zan zo ba.