Kamera da mikro a cikin manhaja: kowa ya kawo abin da ya gani

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Muna haɗa wata ƴar manhaja da Qt, wato kayan aikin haɗa manhaja, don malaman lakwal su riƙa naɗar darasi, hoto da murya, su tura wa ɗalibai. Kunna bidiyo kam ta daɗe tana yi, ɗauka ce muke son ƙara mata yanzu. A Qt 6 abin ba wuya a ido, QCamera da QAudioInput ka ɗaura su kan QMediaCaptureSession, QMediaRecorder ya rubuta fayil, shi ke nan. To amma kamerar USB ɗin da na sayo a kasuwar Dole da zarar na ce mata 1280x720 sai hoto ya kama tsalle-tsalle. Wanda duk ya taɓa wannan aiki don Allah ya saka baki.

Mai gyaran ordinata, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ba Qt ba ne, lissafi ne kawai. Ɗanyen hoto na YUYV, wato wanda ba a matse ba, kowane ɗigo bayit 2 yake ci, ka buga 1280 sau 720 sau 2 sau hoto 30 a sakan, ya haura mega 55, USB 2.0 kuwa abin da take iya ba kamera bai wuce wajen mega 24 a sakan ba. Dole kamerar ta sauke kanta zuwa hoto 10 ko ƙasa da haka. In kana kan Linux buga v4l2-ctl --list-formats-ext ka ga abin da take iyawa, galibi akwai MJPEG, wato hoton da kamera ke matsewa kafin ta aiko, shi za ka zaɓa da setCameraFormat kada ka bar manhaja ta zaɓar maka. Ni a wurin wani ɗaurin aure na ga ta kaina, kamera biyu a hub ɗaya, wato marabar USB, ta biyun ta ƙi tashi tana ce min No space left on device alhali diski wayam yake, ashe hanyar USB ɗin ce ta cika ba wurin ajiya ba.

Ƴar Zongo:
Ku kuna ta hoto, ni wallahi murya ce ta sha min kai. A azumi na naɗi tafsiri da manhajar FFmpeg, kamera daban mikro daban, da farko baki da magana suna tafiya tare lafiya lau, kafin a shafa fatiha Malam ya rufe baki amma muryarsa na ci gaba da ja. Kamera da agogonta, katin sauti da nasa, ba su taɓa zama daidai cif, ratar kaɗan-kaɗan take taruwa, a gwajin minti biyu ba za ka gan ta ba sam. Sai da na sa aresample=async=1 kuma na tsaida saitin sauti duka a 48000 Hz ban haɗa da 44100 ba sannan na samu lafiya. Malam Ɗan Birni ka gwada naɗi mai tsawon darasi guda cikakke kafin ka ba kowa. Kuma mutane za su haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma murya in ta lalace ba mai zama ya saurara.

Ɗalibin jami'ar André Salifou:
Gaskiya ne Yaya. Mu da GStreamer, wani kayan aikin sarrafa bidiyo da sauti, muka yi namu, v4l2src mai ɗaukar hoto da pulsesrc mai ɗaukar murya a layi ɗaya, agogo ɗaya ke jan su duka. Sai dai kowane reshe ka sa masa queue, wato wurin jira na bayanai, in babu sai abin ya tsaya cak ba hoto ba murya ba kuma saƙon kuskure.

Na Garin Malam:
Akwai wani abu da ba a faɗa ba, layi-layi masu yawo a hoto in an kunna fitilar ɗaki. Kuran ɗinmu 50 Hz ne, wasu kamerorin kuma a 60 suke zuwa irin na Amurka. power_line_frequency=1 a v4l2-ctl, ya wuce. In gurup, injin ba da wuta, aka tayar kuwa sai abin da hali ya yi, don shi juyinsa hawa da sauka yake. Da daddare kuma in haske ya yi ƙasa kamera da kanta take rage yawan hoto don ta sha haske, kai kana can kana zargin kod ɗinka.

Ƴar Zongo:
Gurup ɗin nan har cikin mikro yake shiga. Wani zuuu da ke ƙarƙashin magana, ka zare sharja ka bar ordinata kan batiri ka ji ya ɗauke. Ni yanzu in naɗi ne sai na cika batiri tukuna.

Mai gyaran ordinata, Sabon Gari:
Kuma kada ka rubuta /dev/video0 a cikin kod ka kwanta. Tun kernel 4.16 na Linux kamera ɗaya kan fito da lamba biyu, ta biyun ba hoto a cikinta bayanai ne kawai, in an zare an mayar ma lambar na iya canzawa. Duba /dev/v4l/by-id ko ka jero sunaye mutum ya zaɓa da hannunsa. Malaman nan kuma yawancinsu Windows ke gare su, can akwai makullin kamera a cikin saitin sirri, in a kashe yake baƙin ekran za su gani su kira ka su ce manhajarka ta mutu. Ka sa ta riƙa faɗa musu da Hausa ko Faransanci cewa izini ne babu, ko wata manhaja ce ke riƙe da kamerar.

Ɗalibin André Salifou:
Ka tuna da zafin watan Afrilu ma Malam, tsohuwar ordinata in tana matse bidiyo da H.264 kai tsaye fanka sai ihu, injin ya rage gudu, hotuna su fara zubewa. Mu 640x480 muka koma, murya kuma muka matse ta da Opus, fayil ya yi ƙarami yadda zai wuce ko rezo na jan ƙafa.

Ɗan Birni:
MJPEG ɗin ya yi Alhaji, tsallen ya tafi, Allah ya saka da alheri. Saura murya. Yaya Ƴar Zongo mikron jikin kamera kike amfani da shi ko na ratayawa a wuyan riga, kuma jika nawa kika saye shi?