Dalar azurfata ta canza launi a cikin robar GSA, in goge ta ko in bar ta?

Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. A Amurka nake zaune, wani dattijo maƙwabcina da zai tashi ya sayar min da dalar Morgan (tsohuwar dalar azurfa ta Amurka) guda biyu, ta 1883 da ta 1884, duk da tambarin CC (wato Carson City, inda aka buga su) a baya, suna cikin robar nan ta GSA (hukumar gwamnatin Amurka da ta sayar da su) da kwalinsu har da ɗan katin. Ɗaya fara ce tas, ɗayar kuma gefenta ya yi shuɗi-shuɗi da ruwan goro kamar ta yi tsatsa, kuma na lura a robarta ba a rubuta Uncirculated (wato ba ta shiga hannu ba) ba. Wallahi hankalina ya tashi. Ina tunanin in fasa robar in goge ta da toka da lemon tsami yadda iyayenmu mata ke wa awarwaron azurfa, sannan in kai wa masu tantance ingancin irin waɗannan kuɗin su ba ta maki. Me kuka gani?

Amsa ta farko:
Kai ɗan uwa kar ka kuskura! Ranar da toka ta taɓa ta ranar ka kashe mata daraja, masu ba da maki suna gani za su rubuta an goge, shi ke nan ba lamba. Kuma robar kanta kuɗi ce, kar ka fasa.

Amsa ta biyu:
Ƙanena ba tsatsa ba ce. Kuɗin nan a Carson City ta jihar Nevada aka buga su, aka zuba a buhunan zane dubu-dubu suka kwana shekaru da yawa a ma'ajiyar gwamnati, to wanda ya jingina da jikin buhu sinadarin farar wuta da ke zanen shi ya rina shi a hankali. Da GSA ta zo sayarwa daga 1972 zuwa 1980 sai masu tantancewa suka ɗauki launin a matsayin aibi suka ware irinsu gefe a farashi mai sauƙi, shi ya sa ba a rubuta kalmar a robar ba. Yanzu kuwa in launin ya yi kyau shi ake rububi, ni kaina irinsu nake farauta tun tuni. Amma fa in ya yi baƙi ƙirin ko dabbare-dabbare, ba ya ƙara komai.

Amsa ta uku:
Maganar maki, akwai kamfanonin ba da maki na NGC da PCGS. NGC suna dubawa a cikin robar su ɗaura mata tambarinsu a jiki, PCGS kuma su sa robar gaba ɗaya cikin wata babba. Ma'aunin 1 zuwa 70 ne, waɗanda ba su shiga hannu ba daga MS60 suke farawa. Sai dai 1882, 1883 da 1884 su suka fi yawa a kasuwa, ka fara duba kumatun matar da ke jikin dalar da fitila, in duk ƙarce ne kuɗin aikawa ba zai fita ba. Ka kuma duba gefen robar ko an taɓa buɗewa an manne, akwai jabu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Yaya, Allah ya saka da alheri, na ajiye tokar. Kumatun mai launin ya fi na farar tsabta, ita zan fara aikawa. Kwalin da katin fa, in haɗa da su ko in riƙe a gida?