Gwajin numfashi zai nuna ko maganin dajin huhu yana aiki?

Autar Baba: Assalamu alaikum. Babanmu tela ne a Pantami, nan Gombe. Wata shida yana shan maganin tarin fuka kafin a gano dajin huhu ne. Yanzu duk sati uku ake ɗaura masa kemo, wato ƙarin ruwan maganin daji, kuɗin hoton CT na duba cikin ƙirji kuma ya sa har keken ɗinkinsa mun sayar. Na ji wai akwai na'urar da mutum zai hura kawai ta nuna ko ciwon na raguwa. Da gaske ne?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Maganar tana da tushe. Numfashi yana ɗauke da ɗaruruwan sinadarai masu tashi kamar turare, ciwo kuma yana sauya su. Shi ya sa mai ciwon suga idan ya rikice bakinsa ke wari kamar ruɓaɓɓen ɗan itace. A 2019 masu bincike a Holan sun gwada "hancin lantarki", wato na'urar da ke gane sinadaran numfashi, don hasashen mai dajin huhun da maganin ƙarfafa garkuwar jiki zai karɓe shi. Amma har yanzu bincike ne, bai maye gurbin CT ba. Taba, abinci, har hayaƙin murhu suna rikita sakamakon. Kar ku tsallake hoton nan.

Ɗan Bolari: Ni dai an taɓa sa ni hura jaka, amma ƙwayar cutar olsa ake nema.

Autar Baba: Na gode Anti. Ran Talata za mu koma, zan tambayi likita ko hoton zai jira ƙarshen wata, albashin yayanmu ya shigo.