Zauren Malaman Damagaram: Da Me Zan Koya wa Yara Ilimin Sararin Samaniya?

Madam ta Garin Malam: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara. Jiya wata yarinya 'yar aji shida ta tambaye ni me ya hana wata faɗowa ƙasa. Na ba ta amsar da ke cikin littafi, amma daga fuskarta na gane ba ta gamsu ba. Ina son in kafa ƙaramin kulob na kallon taurari a makarantarmu, sai dai ba mu da madubin hangen nesa, ba mu da kuɗi, wuta ma sai ta ga dama. Ta ina zan fara?

Mushen Fizik: Wa alaikumus salam Madam. Ki fara da Stellarium. Kyauta ce, ana sa ta a kwamfuta ko a waya, kuma in kin sauke ta sau ɗaya ba ta ƙara neman intanet. Ki zaɓi Zinder a wurin gari, za ta nuna miki sararin daren nan kamar yadda yake saman gidanki. Kina iya tura lokaci gaba ko baya. Ni da ita nake nuna wa ɗalibai cewa Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, wato Zuhura, wani lokaci ta fito bayan magariba, wani lokaci gabanin asuba. Ranar da na fara faɗin haka wani yaro ya rantse kakarsa ba za ta yarda ba.

Ɗan Birni: Ni ma ban yarda ba sai na gani, Mushe.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana, kafin waya akwai ido. Shekara talatin na yi ina koyarwa a ƙauyuka, ban taɓa riƙe madubi ba. Madam, ki sami ƙwallon ƙafa da goruba guda. Ƙwallo ita ce duniya, goruba wata. Ki ce wa yara su ajiye gorubar inda suke zaton wata yake. Duk za su kawo ta dab da ƙwallon, kamar taku ɗaya. Sai ki kama hannun ɗaya daga cikinsu ki ja shi har mita shida da rabi. Nan ne gurbinta, don tsakaninmu da wata kilomita 384,400 ne, kusan faɗin duniya sau talatin. Ki tsaya ki kalli fuskokinsu. Ita kuma mai tambayar, ki ɗaura dutse a igiya ki ba ta ta wulwula saman kanta. Igiyar ita ce jan da duniya ke yi wa wata, gudunsa kuma shi ke hana shi faɗowa. Ki dai fitar da su fili tukuna, kada a fasa wa wani kai.

Madam ta Garin Malam: Allah Ya ƙara girma Baba. Gobe da goruba zan shiga aji.

Baba Mai Ritaya: Amin. Kuma ki sa ido ƙarshen Afrilu. Garin nan yana wajen daraja 14 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka sau biyu a shekara rana ke ratsawa daidai tsakar kanmu, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Ki kafa taɓarya tsaye a tsakar makaranta, za ki ga inuwarta ta shige ƙarƙashinta. Na Agusta ya faɗa cikin hutu ga hadari, na Afrilun ne naku. Ba ƙarfe sha biyu na agogo ba fa, sai an kusa ƙarfe sha biyu da rabi.

Ɗalibar Jami'a: Ina wuni iyayena. Ni ina karatu a jami'ar André Salifou, kuma abin da zan ƙara ya shafi aikin sa kai, don shi ya fi jan manyan ɗalibai. Akwai Globe at Night: a daren da ba farin wata ka fita, ka dubi rukunin taurarin da aka ayyana, ka kwatanta abin da idonka ya gani da taswirorinsu, ka aika. Da haka ake auna yadda hasken fitilu ke cinye duhun dare a duniya. Akwai GLOBE Observer, manhajar da NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ke tallafa wa, inda kake ɗaukar hoton gajimare a haɗa shi da abin da tauraron ɗan adam ya gani daga sama. Sai Galaxy Zoo, da aka fara a 2007, inda ake nuna maka hoton gungun taurari ka faɗi siffarsa. Wannan na ƙarshen yana shan forfe, ku sani.

Maman Biyu: To ana biya ne? Ɗana ya ci bak yana zaune.

Ɗalibar Jami'a: Ba a biya, Mama. Amma akwai wanda ake ba da takardar shaida, IASC. Ƙungiya ce da ke aiko wa makarantu hotunan madubin Pan-STARRS na Hawayi, ku kuma ku nemi ɗigon da ke motsi tsakanin taurari, wato dutsen sararin samaniya. Ana yi da manhajar Astrometrica, wadda ke son kwamfuta mai Windows. Ƙungiya ake kafawa, ba mutum ɗaya ba, kuma yawancin bayanin da Turancin Ingilishi ne. In yana jin Ingilishi ko kaɗan ne, mu haɗu.

Mushen Fizik: A nan zan ɗan ja birki. Na taɓa shiga irin wannan da ɗalibai huɗu, muka ƙare da jin kunya, don ranar da hotuna suka iso unguwarmu ta kwana biyu ba wuta, wa'adi ya wuce. Duk wanda zai yi, ya fara tanadin inda akwai sola da rezo mai ƙarfi. Kada a tara yara a sa musu rai a banza.

Ɗan Birni: Ni ba malami ba ne, gyaran waya nake yi, amma ga nawa. Tashar ISS, wato tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, tana wucewa saman garin nan, ana ganinta da ido ƙuru-ƙuru. Tana sama da mu da kilomita 400, tana zagaye duniya cikin minti 90, kuma akwai mutane a ciki. Manhajar Spot the Station na faɗin lokacin da za ta bi. Ba ta ƙyaftawa kamar jirgi, haske ne fari yana tafiya shiru, minti kaɗan ya ɓace. Ran nan na nuna wa 'yan fadarmu muna shan shayi, har yanzu wani na cewa aljani ne.

Maman Biyu: Kai Ɗan Birni, Allah Ya shirye ka.

Mushen Tarihi: Madam, ki haɗa musu da labarin mutanen da suka yi kama da su. In kullum Amurka da Rasha suke ji, Sputnik, tauraron ɗan adam na farko, a 1957, sauka a wata a 1969, sai su ɗauka abin na wasu ne. Ki gaya musu Cheick Modibo Diarra ɗan Mali ya yi aiki a NASA kan kumbon Mars Pathfinder da ya sauka duniyar Mirrihu a 1997. Maram Kaire na Senegal an raɗa wa wani dutsen sararin samaniya sunansa a 2021. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 tun 2003. Kuma a Yamai ga AGRHYMET, da hotunan tauraron ɗan adam suke bin damina da makiyaya da fara. Yaron da ubansa ke noman gero a Mirya zai gane amfanin wannan tun kafin ki rufe baki.

Baba Mai Ritaya: Wa ya tuna husufin 29 ga Maris 2006? Da hantsi gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika. Wani babba na zuwa ranar 2 ga Agusta 2027. Cikakkensa zai bi ta Libiya da Masar da Makka, mu nan ɓangare za mu samu. Ku koya wa yara tun yanzu cewa ba a kallon rana kai tsaye, ko da baƙin tabarau, ko da gilashin da aka turara da hayaƙi. A ɗauko rariyar kicin a riƙe ta saman farar takarda, kowane rami zai zana rana a guntule. Inuwar bedi ma haka take yi a ƙasa.

Madam ta Garin Malam: Na rubuta duka. Makon Sararin Samaniya na Duniya ana yin sa 4 zuwa 10 ga Oktoba, daidai komawa makaranta, ga shi hazo bai sauko ba tukuna. Me zai hana mu haɗa dare ɗaya na kallo a lokacin? Amma 'yan mata ba za a bar su fita bayan isha'i ba sai da iyaye.

Maman Biyu: Ki bar min wannan. Ni zan bi gida-gida, kuma mu iyaye mata mu zo da tabarminmu.

Mushen Fizik: Ina da jumel guda, wato madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, tsohuwa amma tana aiki. In an jingina ta a katanga ana ganin ramukan wata, kuma in Mushtari ya fito ana hango 'yan watanninsa, su huɗun da Galileo ya gani a 1610. A zaɓi daren da wata yake rabi, ramukan sun fi fitowa a bakin inuwa.

Ɗan Birni: Ni zan kawo batir da shayi. Baba, sukari naka ne.

Baba Mai Ritaya: Likita ya hana ni sha, bai hana ni saye ba. Madam, ki fara neman izinin darakta.