Galbi: mu ce masa gasasshiyar awaza, ko mu bar shi da sunansa?

'Yan uwa masu fassara, ga wata kalma da ta tsayar da ni a wurin aiki: galbi. Sunan abinci ne na Koriya, kuma a watan Satumban 2021 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da ita cikin Turanci tare da wasu kalmomin Koriya, 26 ke nan gaba ɗaya. Wasu na rubuta kalbi, duk abu ɗaya ne.

A harshensu, galbi haƙarƙari kawai take nufi. Amma in an faɗe ta a gidan abinci, ana nufin naman haƙarƙarin shanu wanda aka tsuma cikin ruwan waken suya da tafarnuwa da sukari da man riɗi, sau da yawa har da markaɗaɗɗen ɗan itace don ya yi laushi, sannan a gasa shi a kan gawayi, galibi a tsakiyar teburin masu ci. Birnin Suwon ya yi suna da shi.

Wani ɗan'uwa ya ce mu kira shi balangun Koriya. Malam, ban yarda ba. Wanda ya ji balangu zai sa ran yaji da ƙuli, shi kuwa wannan zaƙi-zaƙi ne da shi. Tsire ma bai shiga ba, don babu tsinke.

Ni awaza ta fi kwanta mini. Ita ce kalmar mahauta, ta riga ta haɗa ƙashin da naman da ke jikinsa. Haƙarƙari kuwa sai ya ja hankalin mutum zuwa asibiti. Gasasshiyar awaza ta bayyana abin sarai.

Sai dai tana da iyaka. Akwai galbi-tang, farfesu ne, ba gashi ba. Akwai dak-galbi na garin Chuncheon, naman kaza ne da ba ruwansa da awaza. Akwai kuma na alade, dwaeji-galbi, kuma wannan dole mai fassara ya fayyace wa mai karatu Musulmi. Na naman shanu kuwa shi ne so-galbi.

Saboda haka shawarata, mu riƙe galbi a matsayin suna. Bakin Bahaushe ba zai sha wahala ba, wasali ɗaya ne ya raba ta da gulbi. A ambato na farko a rubuta "galbi, wato gasasshiyar awazar sa irin ta Koriya", daga nan a ci gaba da galbi kawai.

Jinsi ne ya rage. Ni namiji na ba shi, galbin Suwon, kamar yadda muke cewa kilishin Yamai. Mahautan da ke nan, awaza ta yi muku?