Kocin zai zauna ko zai tafi?

A tattaunawa kan masu horar da ƙwallon Amurka na jami'o'i, shawarar da ta fi rinjaye ita ce yaron da ke son buga ƙwallo ya zaɓi makaranta don karatunta, kada ya bi koci. A Nuwamba 2021 koci Lincoln Riley ya bar jami'ar Oklahoma ya koma Jami'ar Kudancin California (USC), cikin makon kuma koci Brian Kelly ya tsallake daga jami'ar Notre Dame zuwa Jami'ar Jihar Louisiana (LSU), alhali 'yan wasansa na Notre Dame na sa ran shiga gasar cin kofi. Abin ya sosa mini rai.

Wasu suka ce iyaye su binciki diyyar da kocin zai biya in ya karya kwantiragi. In 'yar kaɗan ce, ƙafarsa ɗaya tana waje. Masu kare masu horarwa kuwa sun kawo Kirk Ferentz, kocin jami'ar Iowa tun 1999, suka ƙara da cewa jami'o'in ma kan sallami mutum da zarar ya fara shan kashi.